Yashin da Inna Kubura Ta Hana a Share

Duk wanda ya taɓa fitowa daga sallar asuba ya bi ta Mararrabar Tsamiya a Birnin Konni ya san ƙarar nan: shuu, shuu, a ɗan tsaya, sannan shuu. Tsintsiyar Inna Kubura ke nan. Takan fito daga gida da doguwar tsintsiya a kafaɗa, bokiti a hannun hagu, da wani tsohon gwangwanin tumatir da ta ɗaure wa igiya ta rataya a ƙugu. Daga gindin tsamiyar take farawa, inda Bashir mai shayi ke hura wuta. Ta gaishe shi, ya ce, "Yaya Kubura, zo ki sha mai zahi." Ta ce, "Sai na gama." Kafin ta gama kuwa bencinsa ya cika da maza, sai ta ɗaga masa hannu ta wuce gida. Shekara ashirin da tara suna wannan magana. Shi bai gaji da tayi ba, ita ma ba ta taɓa sha ba.

Ga wanda bai san wurin ba, bari a zana masa. Babbar hanya ce ta taso daga gabas, daga wajen Galmi da Malbaza, ta ratsa gari ta nufi yamma. Daidai tsamiyar sai wata hanya ta ɓalle ta yi kudu, ta bi ta kasuwa ta miƙe har iyakar ƙasa. To, kusan duk abin da ya taso daga gabas kudun nan yake so. Kamiyon siminti, wato babbar motar kaya, kudu, kamiyon albasa kudu, motar Dogarawa da awaki a samanta kudu, amalanken jaki daga Tsarnawa ɗauke da gero da wake shi ma kudu. Kowa sai ya karya hagu ya yanke gaban masu tahowa daga yamma, kuma ba a keɓe wa mai jiran karyawa wurin tsayuwa ba. Sai ya tsaya tsakiyar kwalta, na bayansa su yi ta danna oda, 'yan kabu-kabu su yi ta kutsawa duk inda kan babur ya shiga. Ranar Laraba, ranar kasuwa, in ka tsallake wurin nan lafiya sai ka tsaya ka gode wa Allah kafin ka ci gaba.

A nan aka ba Inna Kubura shara tun tana goyon autarta, kuma a nan ta yi furfura. Masu shara da yawa sun zo sun roƙi a canja musu wuri, ita ba ta taɓa roƙa ba. Gwangwanin nan kuwa na gilashi ne. A shekararta ta farko ta ga wata mata 'yar ƙauye, ba takalmi, ta taka fasasshen gilashin fitilar mota, jini ya bi ta har gindin tsamiya. Tun daga ranar ba ta ƙara tura gilashi da tsintsiya ba. Durƙusawa take yi ta tsince shi da hannu ɗaya bayan ɗaya, in gwangwanin ya cika ta kai gida ta binne a wani rami bayan ɗakinta. Ba wanda ya sa ta. Kowace Alhamis, washegarin kasuwa, sai ya cika. Har ta kai in ta ɗaga ɓallin gilashi ta duba, sai ta faɗa wa Bashir abin da ya faru jiya bayan ya tashi: ja, an bugi wani ta baya, fari mai kauri, kamiyo ce, ruwan lemo ƙanana-ƙanana, babur ne ya sha ƙasa. Bashir ya ce ya sha bincikawa don ya kama ta da kuskure, bai taɓa dacewa ba.

Ku tambayi Chindo mai amalanke, mutumin Tsarnawa, wanda ke ɗingisa ƙafar dama. Shekara shida da suka wuce ya ɗauko buhu uku na wake zai kai kasuwa, ƙafar baya ta wata doguwar kamiyo ta ɗebi amalankensa. Jakin ya tsira, shi ya karye, buhu biyu suka fashe, wake ya watsu ya cakuɗe da yashi. Aka ɗauke shi zuwa likita, jama'a suka yi jaje suka watse. Inna Kubura ta tare gefen hanya da bokitinta, ta share waken nan kaf ta tara, ta aika gida aka kawo mata faifai da rariya. Ta zauna gindin tsamiya tana sheƙa tana tsince tsakuwa har la'asar, sannan ta sa aka ɗinke buhunan, ta ba direban motar Tsarnawa ya kai gidan Chindo. Da matarsa ta auna, abin da ya ɓace bai kai tiya biyu ba.

"Ni ina kwance ina kukan ƙahwata," in ji Chindo, "ban san da wadda ke kukan wakena ba. Wanga wake shi munka ci har ruwa ya sauka."

Inna Kubura, ke ce wadda muka yi shekara da shekaru muna wucewa ta gabanki ba mu san muna taka aikinki ba. Ke ce kika sa 'ya'yanmu suka tafi lakwal, wato makarantar boko, da silifa mai huji, ba wanda ya dawo da yanka a tafin ƙafa. Mun san sunan duk wanda ya taɓa yi mana alkawari a lasifika, amma da yawanmu sai bara muka san naki. Muna jin kunyar wannan, kuma gara mu faɗa.

Bara da kaka labari ya zo cewa za a gyara mararrabar. Za a faɗaɗa ta, a fitar da layin masu karyawa hagu daban, a zana wa kowa inda zai tsaya. Gari ya ɗauki murna. Ranar Asabar masu awo suka zo suka kafa turakun ƙarfe, suka ɗiga jan fenti a kan kwalta, suka ce ranar Alhamis injiniyar da ta zana aikin za ta taso daga Tawa ta ga wurin da idonta, daga nan sai a kawo manyan motocin aiki.

Ranar Lahadi da safe Inna Kubura ta bi jan fentin nan tana kallo, tsintsiya a hannu, ta kasa sharewa. Ba ta yi lakwal ba, amma shekaru sun koya mata abu guda da ba ta shakkarsa: yashi ba ya zama inda taya ke bi. A bakin hanyar kudu akwai wani wuri, siffarsa kamar bakin hauya, inda kullum yashi ke taruwa, don ba motar da ke taka shi. Nan mata masu kaya a ka ke tsayawa su numfasa in sun tsallake rabin hanya. Ga shi jan fenti ya nuna sabon layin motoci zai bi ta kansa. Layin da aka zana don masu fitowa daga kasuwa su tsaya kuma, ya faɗo daidai inda ta fi durƙusawa tsintar gilashi, wato inda ƙafafun baya na kamiyo ke yanke kwana. Ta tsaya ta daɗe, har Bashir ya manta bai yi mata tayin shayi ba.

Sai ta nufi wurin Rabilu, shugaban ƙungiyarsu ta masu shara, wanda suke kira Shef. Sa'an ɗanta na fari ne, mai babur da riga a goge kullum. Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Mutum ne mai son tsabta, mai tsoron abin kunya fiye da zazzaɓi. Ta same shi yana tsara yadda zai kwaso masu shara shida ranar Alhamis da asuba, a share mararrabar har sai kwalta ta yi ƙyalli.

"Shef, alfarma nika nema," ta ce. "A bar wanga wuri ba shara har ran Alhamis."

"Inna, baƙuwa hwa za mu yi. Babbar injiniya daga Tawa. Wa ya taɓa tarbar baƙo da datti?"

"Ba datti ba na, ɗana. In munka share, mi za ta gani? Kwalta za ta gani, kwalta kuwa ba ta magana."

"Komi yana cikin takardarta."

"Har da inda jakin Chindo ke bi?"

Rabilu ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, sai ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Inna, saura shekara guda ki aje tsintsiya, a tara jama'a a yi miki godiya. Don Allah kar ki sa in cire sunanki da hannuna."

Maganar ta shige ta. Ba ta da gona a Konni, ba ta da shago. Abin da ta tara a shekara ashirin da takwas shi ne a ce Kubura ba ta taɓa fashi ba, ba a taɓa kai ƙararta ba. In aka cire sunanta yanzu, ba wanda zai tuna da shekarun. Abin da unguwa za ta riƙe shi ne korar ta aka yi, tsufa ya sa ta lalaci, kuma jikokinta za su ji wannan a bakin rijiya. Ta ji tsoro, ita da kanta ta faɗa, ta ce ranar ko tuwo bai wuce mata ba. Amma da ta rufe ido sai ta ga layin nan an shafa masa farin fenti, yana ce wa 'yan kabu-kabu ku tsaya nan, su kuwa su tsaya don sun ga an zana. Da can ganganci ke kai su wurin, yanzu bin doka ne zai kai su. Ta ce wannan gilashin ba za ta iya tsinta ba.

Ranar Litinin ta fito kamar kullum. Ta share gindin tsamiya, ta share gaban masallaci, ta share har bakin shagunan masu faci, amma cikin mararrabar ko tsinke ba ta ɗauke ba. Gilashi kaɗai ta ci gaba da tsincewa, don ba za ta bar shi ga masu tafiya ba takalmi ba. Sai dai ta zo da kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa a murfin kwano, duk inda ta ɗauke ɓalli sai ta ɗiga fari a gurbinsa.

Aka fara magana. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce an ɓata mata rai a buro, wato ofishinsu, wata mai ƙosai ta rantse iska ce ta taɓa ta. Mai wannan rubutu ma bai tsira ba, don ranar Talata da babur ɗinsa ya ɗan zame a yashi, ya yi tsaki ya ce ai masu sharar garin nan sun daina aiki. Allah ya yafe masa. 'Yan kabu-kabu kuwa tsokana suka samu.

"Inna, ko tsintsiya ta yi yaji?"

"Ganin gida ta tahi," ta ce musu. "Ran Alhamis tana dawowa. Kai dai ka rage gudu."

Laraba ta zo ta wuce da kasuwarta. Da gari ya waye ranar Alhamis, wurin ya cika da yashi da ɓawon albasa da kashin jakai. Rabilu ya iso da masu shara biyar, ya tarar Inna Kubura ta riga shi. Ta kife bokitinta a tsakiyar yashin nan mai siffar bakin hauya, ta zauna a kai, ta ɗora tsintsiya bisa gwiwa, motoci suna wucewa dama da hagu. Ya ce a fara. Matan nan biyar, waɗanda duk ita ta koya musu riƙon tsintsiya, suka sunkuyar da kai, wannan tana gyara zane, waccan tana neman abin da bai ɓace ba. Rabilu ya fizgi tsintsiya da kansa, ya ja sau biyu, ta uku ta iso yatsun ƙafarta.

"Share har da ni, Shef," ta ce.

Bashir ya tuntsire da dariya har madara ta zube. Rabilu kuwa ya tsaya da tsintsiya a sama, ga mutane sun fara taruwa, ga riga a goge. Ya sauke ta a hankali, ya ce, "Shi ke nan, Inna. In baƙuwa ta tahi, ki kawo tsintsiyar buro ki aje."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Dariyar ta mutu. Ta ce, "Tau," ta gyara mayafinta. Ba ta tashi daga kan bokitin ba.

Wajen ƙarfe takwas wata farar mota ta tsaya, wata matashiya ta fito da hular kwano a kan kallabi, da takarda a naɗe a hammata. Injiniya Muhsina ke nan. Rabilu ya tare ta da gudu, yana ba da haƙuri tun kafin ta gama amsa gaisuwa, yana cewa ba haka garin yake ba, wata matsala ce aka samu. Ita kuwa idonta na kan tsohuwar da ke zaune tsakiyar hanya. Ta jira wata mota ta wuce, ta tsallaka, ta rusuna.

"Ina kwana, Inna. Lahiya kike zaune nan?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Bashir, tun yaushe nike nan?"

"Tun anka sallame asuba!" ya amsa daga gindin tsamiya.

"Tau, kin ji. Ki duba motocin da sunka wuce tun sannan. Akwai wadda ta taɓa ko bakin mayahina?"

Muhsina ta dubi yashin, ta dubi gefensa inda kwalta ke fes saboda goguwar taya, ta dubi jan fentin da ya ratsa ta ƙarƙashin bokitin. Ta warware takardarta ta duba, ta sake duban ƙasa.

Inna Kubura ta miƙe da ƙyar, don ƙafa ta riƙe, ta kama hannun injiniya kamar za ta kai ta ɗebo ruwa. Ta kai ta inda ɗigon farar ƙasa ya yi yawa, sun fi arba'in, duk sun taru a kan layin tsayawa. Ta kwance gwangwanin ta girgiza mata. Sannan ta ja ta baya ta ce, "Tsaya nan. In kamiyo ta zo, kar ki dubi ƙahwar gaba, ta baya za ki duba." Ba su daɗe ba wata doguwa ta taho da siminti. Kanta ya buɗe ya zagaya can nesa lafiya lau, amma ƙafafun baya suka yanko ciki, suka bi ta kan jan layin nan ɗaya bayan ɗaya. Da akwai babur a wurin, da an tsinci ruwan lemo.

Daga nan ta bi da ita gabas, taki arba'in kafin mararrabar, inda kashin jakai ya ja layi ya tsallake hanya a karkace. Chindo na tsaye a wurin da sandarsa. Ya ji labari a kasuwa jiya, ya kwana Konni don kada ya rasa.

"Nan muke ƙetarewa, ranki shi daɗe," ya ce. "Jaki ba shi da birki, ba shi da giya. In ka tsai da shi tsakar hanya da kaya, sai ya yi shawara da zuciyatai kahin shi tashi. Nan kuwa muna hangen gabas muna hangen yamma, mu wuce gaba ɗaya."

Muhsina ta fashe da dariya, har ta dafa hular kada ta faɗi. Ta ce ta ƙirga motoci daidai, ta auna faɗin hanya daidai, amma hoton da ta yi aiki da shi daga sama aka ɗauke shi, da hantsi. "Bayan kin share ke nan, Inna. Hanya fes, ba yashi, ba gilashi, ba sawun jaki. Tsabtarki ta ɓoye min komi."

"Shi ya sa na bar miki na kwana huɗu, ɗiyata."

Injiniya ta durƙusa a kan yashin da farin wandonta, ta zaro igiyar awo ta ba Inna Kubura ta riƙe ƙarshenta, suka auna bakin hauyar nan ta kowane gefe. Da ta gama ta juya ta yi wa Rabilu godiya a gaban jama'a, ta ce ba ta taɓa zuwa garin da aka yi mata irin wannan tanadi ba. A nan ne ya kamata a yaba masa, don da ya yi shiru da ya kwashe yabon. Ya share gumi ya ce, "Ba ni ba na, ranki shi daɗe. Ni korar ta na yi da sahe." Sannan ya je ya tsuguna gaban Inna Kubura, ya ce, "Inna, ki yahe min. Tsintsiya taki ta, ba mai amsa."

"Tashi, Shef, kar ka ɓata wando," ta ce. "Riƙe min bokiti." Hawaye na zuba tana dariya, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Su bakwai suka share wurin ranar, har da Shef, sai azahar suka gama.

Ba a kawo manyan motocin aiki a makon ba. Muhsina ta koma ta sake zane, ta dawo, amma ta ƙi a taɓa fenti. Toka aka tara daga murhun Bashir da na masu burodi, aka ja sababbin layukan da ita, aka bar kasuwar Laraba ta bi ta kai. Washegari Inna Kubura ta zagaya da ita tana nuna mata: wannan ya tsaya, wannan taya ta cinye shi, a matsar da shi. Sau biyu ana matsar da layi, a Laraba ta uku toka ta kwana inda aka zuba ta. Sai sannan aka zuba kwalta aka shafa fenti.

Ku je ku gani yau. Masu karyawa hagu suna da dogon layinsu a tsakiya, wanda kamiyo biyu za su jera su jira ba su tare kowa ba. Layin tsayawar masu fitowa daga kasuwa ya ja baya taki tara, ƙafar bayan kamiyo tana wucewa ta gabansu ba ta iske kowa. Can gabas an yi wa amalanke mashigarsu a karkace, daidai inda jakai suka zaɓa tun tuni. A bakin hanyar kudu kuma an ɗaga wani ɗan dandali na siminti mai siffar bakin hauya, mata na sauke kaya a kai su huta. A takarda ban san sunan da aka ba shi ba. 'Yan kabu-kabu dai in ka ce su sauke ka Bokitin Inna, ba sa tambaya.

Wata takwas ta yi tana sharar sabuwar mararraba, kuma watan jiya ta ajiye tsintsiya. A gindin tsamiya aka yi taron, da hantsi. Masu shara sun zo da anko, Chindo ya zo da tiya biyar na sabon wake, Muhsina ta taso daga Tawa takanas. Rabilu ya yi jawabi mai tsawo, ya ce shekara ashirin da tara ba ta taɓa fashi ba sai kwana huɗu, kuma kwana huɗun nan sun fi masa sauran. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Da aka ce ta yi magana, sai ta kwance gwangwanin daga ƙugunta ta miƙa wa injiniya.

"Girgiza ki ji, ɗiyata."

Muhsina ta girgiza. Wani ɗan ƙaras-ƙaras ne ya fito, gilashin bai ko rufe gindin gwangwanin ba.

"Na wata takwas na," in ji Inna Kubura. "Da, Laraba guda ke cika shi."

Inna Kubura, uwar mararraba, mun gode. Ke ce kika ɗauki sunan da kika yi shekara ashirin da takwas kina tarawa, kika ɗora shi a kan bokiti tsakiyar hanya saboda 'ya'yan mutane da ba ki san iyayensu ba. Akwai samari yau da ke yawo da ƙafafunsu biyu a garin nan, ba su san ke ce sanadi ba, kuma ba za su taɓa sani ba. A madadinsu muke godiya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa jikokinki su ji wannan labari a bakin rijiya.

Ku kuma masu zana mana hanyoyi da gadoji da kasuwanni, kun yi karatu, muna girmama karatunku. Amma in kun sauka a gari, ku tambaya wa ke share wurin, ku gaishe ta, ku bi ta ta nuna muku. Mu da ke riƙe da ƙananan ayyuka kuma, mai faci da mai gadi da malamin aji, mu riƙe su da ido buɗe yadda ta riƙe nata, kuma in ranar magana ta zo mu yi magana ko da muna jin tsoro.

Da taro ya fara watsewa, ta tsallaka ta zauna a bakin dandalin nan, tana kallon wata kamiyon albasa da ta shiga layinta, ta jira, ta karya kudu salin-alin. Sai ga Bashir ya bar teburinsa da mutane a kai, abin da ba a taɓa gani ba, ya ƙetaro hanya riƙe da babban kofi, shayi da madara har baki.

"Yaya Kubura," ya ce, "yanzu hwa?"

Ta dubi kwaltar daga gabas har yamma, ta dubi ƙugunta inda igiyar gwangwani ta saba zama. Ta miƙa hannu biyu.

"Kawo," ta ce. "Na gama."

Sha a hankali, Inna, da zafi. Ba inda za ki yi sauri yau.